Tsohuwar Land Cruiser a Gindin Darbejiya: Ta Ina Za a Fara?

Wani mai karatu daga wajen Azare ya aiko da tambaya. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya bar wata Land Cruiser a-kori-kura mai amfani da gas, ƙirar farkon shekarun 1990, tana ajiye a gindin darbejiya shekara da shekaru. Tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da bayanta wurin kwana. Yana so ya tashe ta saboda gona da cin kasuwannin ƙauye da damina, har mai fenti ya riga ya yanka masa kuɗi. Tambayarsa ita ce, aikin zai biya kuwa?

Malam, zai biya, in dai takardu sun cika kuma shasi yana da rai. Amma ka ba mai fenti haƙuri tukuna, shi ne na ƙarshe a layi. Yawancin motocin da ka gani a garejoji an tuɓe su, ciyawa ta fito ta tagoginsu, masu su daga fenti da kujeru suka fara, kuɗi ya ƙare kafin a kai ga birki.

Tun da ta gado ce, akwai abin da ya riga bakanike. Ku kira wanda ya san kan mota ya yi mata kuɗi yadda take ɗin nan, da tsatsarta da kashin kajinta, a sa ta cikin rabo, ta faɗo hannunka ko ka fanshi kason 'yan'uwa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Motar da yau ba mai kallonta, ranar da ta fito tana sheƙi kowa zai tuna cewa shi ma ɗan marigayi ne.

Daga nan sai takardu. Ka goge jikin shasi ta wajen tayar gaba, ka nemo lambar da kamfani ya buga, ka karanta ta harafi-harafi tare da abin da ke cikin takardar kwastan da ta mallaka. In an saye ta ne a gwanjon wata hukuma ko ƙungiyar agaji, kamar yadda irin waɗannan motoci da yawa suka shigo hannun mutane, takardar gwanjon ma ka nemo ta. A halin da ake ciki na tsaro, a-kori-kurar Land Cruiser ba ta wuce shinge ba a tsayar da ita ba, kuma lambar da aka ga alamar an goge ko an sake bugawa ta isa ta sa mutum kwana a ofishin 'yan sanda. Ka kuma leƙa ka ga ko asalinta sitiyarin dama ce aka juya ta zuwa hagu. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya, don haka ake juya motocin da suka zo daga Japan ko Ingila, kuma sau da yawa da walda da dabara ake yi. Sandar sitiyarin da aka yanke aka haɗa da walda, ni dai ba zan ɗora iyalina a kanta ba.

Dalilin da ya sa na ce za ta biya shi ne irin motar. Toyota ta fara fitar da wannan zubi, wanda ake kira 70, a 1984, kuma har yau ba ta daina ba. Injin gas mai suna 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, ya shigo a 1990. Ba shi da kwamfuta, ba shi da turbo, famfon gas ɗinsa na ƙarfe ne zalla. Ba shi da gudu, kowace ƙaramar mota za ta wuce ka a hanyar Kano, amma shi ne ke jan kaya daga Agadez zuwa Dirkou a cikin rairayi, inda in mota ta tsaya ba wanda zai zo da na'urar bincike. Kayan gyaransa kuma ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas.

Yanzu a zo ga shasi, wanda a nan ne za ka yanke shawarar ci gaba ko haƙura. A jawo motar, a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, a hau da ita kan rami. Ka shiga ramin da kanka, da tocila da ƙaramar guduma. Ka bi dogayen ƙarafan nan biyu daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake da ƙara mai kaifi. Wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa sai ka ji dum, wani lokacin har ɓawo ya zubo maka a fuska. Ka tsaya sosai a inda sifirin ke rataye, da ƙarfen da ya gitta a can baya, da inda akwatin sitiyari ya ɗauru. A nan Arewa iska busasshiya ce, don haka abin da ya fi kashe shasi shi ne tsagewa, saboda lodin da ya wuce kima a kan hanya mai gargada. Za ka ga siririn layi kamar zare, da jan ƙurar tsatsa a bakinsa. Motar da ta yi zama a Turai, inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, ko wadda ta yi aiki a Fatakwal, ita ce ruɓewa ke kamawa. Tsaga ɗaya ko biyu mai walda na kirki zai gyara: ya huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya cike, ya ɗora faranti mai tsini a gefe biyu. Wanda ya ja walda miƙe daga sama zuwa ƙasa ya tafi, a gefen waldar nan za ta sake ɓallewa. In kuwa shasin ya karkace, ko guduma tana shigewa a wurare da yawa, ka sayar da injin da giya da aksul ɗaiɗai, za ka fi cin riba.

To, shasi ya yi kyau. Abin da kowa zai so yi a nan shi ne a aro batir a murza makulli a ji ko za ta tashi. Kada ka yarda. Da farko ka tabbatar ko wutarta mai bolt 12 ce ko 24, domin akwai iri biyun, kuma ganin wurin batir biyu ba ya nuna yadda aka haɗa su. A zubar da tsohon gas, a sauke tanki a wanke, domin ruwa da dauɗa na kwance a gindinsa. A canza matatar gas da ta baƙin mai, a zuba sabon mai. A buɗe hanyar iska tun daga matata har bakin inji: ɓera na tara tsumma a ciki, zanzaro na gina ɗakinsa na laka, kuma duk abin da ke nan silinda zai tafi. Sannan a sa sifana a kan babban kurtun da ke gaban inji a juya da hannu, zagaye biyu cikakku. In ya cije, a tsaya a nemi dalili, kada a ja ta da wata mota don a tilasta shi.

Sai bel ɗin tayimin. Toyota ta ce a canza shi duk kilomita 100,000 a waɗannan na farko, amma roba ba ta san kilomita kaɗai ba, zama ma na cin ta. In ya tsinke inji na aiki, fistin zai haɗu da bawul, ƙaramin gyara ya zama babba. A sa sabo tare da abin da ke ɗaure shi kafin a tayar. Kuma kada a fesa fetur a hanyar iska don ta yi saurin kamawa, in filogin ɗumama inji na aiki ba ta bukatar haka, kuma wannan dabara na fasa fistin.

Da ta tashi, ka bar ta ta yi zafi kana kallon salansa. Farin hayaƙi na ɗan lokaci bayan dogon zama ba komai ba ne. Baƙi yawanci nozul ne ko toshewar iska, gyara mai sauƙi a wurin masu famfon gas. Shuɗi mai ɗorewa shi ne mai na ƙonewa. Ka kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba: in yana ɗan rawa, da sauran rai, in iska na cilla shi tana huci, ringi sun gaji. Akwai bakaniken da tun bai gama jin ƙarar ba zai ce a sauke inji. Ka ce masa a auna matsin kowace silinda tukuna. Injin da bai taɓa ganin hannun kowa a cikinsa ba, sau tari ya fi wanda aka buɗe aka cika da kayan da ba a san asalinsu ba.

Abin da ke kashe 1HZ zafi ne, kuma a nan nake da faɗa da garejojinmu. An saba cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi. Ba tare da shi ba inji ba ya zama a zafin da aka tsara masa, da sanyin hunturu ya yi ta shan gas yana cin kansa, kuma ainihin matsalar, wato toshewar lagireto, tana nan ba a taɓa ta ba. A mayar da shi. A kai lagireto a buɗe a tsefe bututunsa, ko a sa sabo. A canza tiyo duka da murfin lagireto, a duba famfon ruwa da kulocin fanka. Ruwan rijiya da na burtsatse na barin farin ƙasa a ciki, don haka a sayi ruwan lagireto na gaske. Kan wannan inji in ya yi zafi sau ɗaya mai tsanani yana iya tsagewa, kuma kuɗinsa ya ninka na duk waɗannan sau da yawa.

Birki ba a yi masa kwaskwarima. Man birki na shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko a motar da ke aiki, balle wadda ta kwanta. A canza robobin masta da na ƙafafu, da tiyo na roba, da lainin, a duba bututun ƙarfe. Sannan ka duƙa ka kalli ƙwallayen nan biyu na ƙarfe da ke bayan tayoyin gaba, inda aksul ke lanƙwasawa. In ka ga baƙin kunu na tsiyaya yana kama ƙura, sil na ciki ya mutu, man aksul ya gauraya da giris. Aikin yini guda ne mai ƙazanta: a warware, a wanke, a sa sabbin boris da sil, a cika da giris mai ruwan toka da aka yi don irin wannan gaɓa. In aka bar shi, sitiyari zai riƙa karkarwa a kan gudu, mai kuma ya kai ga birki.

Man giya, da na ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, da na aksul biyu, duk a zubar a kalla. Wanda ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga, alamar an sha ratsa rafi da ita kuma 'yan bututun numfashin aksul sun toshe. Ka gwada makullan tayoyin gaba su kulle su buɗe. Ka kuma gaya wa duk yaron da zai tuƙa ta cewa ba a sa ta ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin ba ta da abin da ke sassauta tsakanin gaba da baya, ƙarfin sai ya taru ya karya wani abu. Saboda haka ne ma tayoyi huɗun dole su zama girma ɗaya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta kwana a ƙasa shekaru, ko zanenta sabo ne, ta gama. In wilinta mai zobe ne, irin na taya 7.50 R16, ka kai wa mai facin manyan motoci, kuma kada kowa ya tsaya a gabansa lokacin ba shi iska, zoben in ya fita kisa yake.

Wayarin kuwa, ka cire duk wayar da wani ya ƙara don rediyo ko fitila, ka mayar da fis na gaske inda aka naɗa waya ko takardar sigari, ka sayi abin kashe gobara ka ɗaure kusa da kujera.

Game da kaya, tsohon na asali da aka ciro daga wata mota, wanda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam, ya fi sabon jabu a abubuwan ƙarfe irin su aksul, giya da kik. Amma bel, sil, boris, matata da kayan birki sababbi za ka saya, a shagon da zai karɓa in ka dawo da su. Ka je kasuwa da tsohon a hannu. Ka yi jinga da bakanike kashi-kashi, a gama birki a biya, sannan a shiga na gaba, kuma duk abin da aka cire a ba ka shi a buhu. Kada a warware motar gaba ɗaya a rana guda, ka ɗauki hoto da waya kafin a kwance kowane sashe. Cikin kuɗin da ka tanada, ka ɓoye kashi ɗaya bisa uku, za a nema.

Mai tsohuwar Land Rover ma wannan tsari zai bi, sai dai ya ƙara kula: bodinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, don haka tana iya yin kyau a ido alhali shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba, waɗanda na ƙarfe ne, sun ruɓe.

In an gama waɗannan, ka yi wata biyu ko uku kana aiki da ita da tsohon fentinta, kusa da gida, da lodi kaɗan, kana leƙa ƙarƙashinta kowace safiya ka ga abin da ya ɗiga. Ka sake ɗaure kurtun sifirin da na taya bayan tafiyar farko. Sai ka kira mai fentin nan. Ka bi bodin da maganaɗisu, inda bai kama ba an cika fila ne a kan rami, a kankare a yi walda. A shafa wa shasi da ƙasan bodi maganin tsatsa kafin a taɓa sama. Launi kuma ka zaɓi fari ko ruwan ƙasa mai haske, sun fi sanyi a rana, kuma ka guji koren soja, doka ta hana farar hula amfani da shi a mota.