Darasi Ga Masu Zuba Jari: Manhajar Rubuta Sakamakon Hoton Asibiti

Duk ɗan kasuwar da ke da niyyar buɗe wurin ɗaukar hoton marasa lafiya a Gombe, wajibi ne ya san cewa ainihin hajarsa ita ce takardar bayanin da likita ke rubutawa bayan ya duba hoton. Majiyyaci zai taso daga Dukku ko Kaltungo, ya biya kuɗin mota da na hoto, ya koma da takardar wurin likitan da ya turo shi. Idan bayanin bai fita ba, dole a sake hoto, kuma da wuya likitan ya ƙara turo wani.

Kasuwa dai akwai ta. Idan ba a manta ba, a shekarar 1996 aka ƙirƙiro Jihar Gombe, aka kuma kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda ta zama Asibitin Koyarwa a 2014. Tun daga nan garin ya zama matattarar masu neman magani daga jihohin maƙwabta.

A tsohuwar hanya, kowane likita da irin nasa rubutun: wani ya tsawaita, wani ya taƙaita, wani ma ba a iya karanta hannunsa. Manhajar kuwa fam take shimfiɗa wa likita a kan kwamfuta, mai guraben dalilin hoton, da abin da aka gani a kowane sashe, da awo, sannan shawara. A hoton mai juna biyu, alal misali, akwai gurbin bugun zuciyar jariri, da kwanciyarsa, da wurin da mabiyiya take, da yawan ruwa. Gurbin da aka manta da shi zai fito fili kafin a sa hannu.

Kyakkyawan misali shi ne tsarin BI-RADS na hoton mama, wanda ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fito da shi, mai lambobi daga 0 zuwa 6. Lamba 1 na nufin ba a ga komai ba, lamba 5 kuwa ana matuƙar kyautata zaton sankara ce. Likitan Gombe da na Kano fassara ɗaya za su yi wa lambar.

To, sai dai kuma akwai lissafi. Manhajojin waje galibi da dala ake biyan kuɗinsu duk shekara, kuma masu karatu sun san inda Naira ta kwana tun 2023. Wadda ke aiki ta intanet kaɗai, da zarar layi ya yanke aiki ya tsaya. Ga kuɗin man janareto ko na sola, ga na horar da ma'aikata. Haka zalika, wasu likitocin kan yi ƙorafin cewa fam na takura musu, domin ba kowace cuta ke shiga gurbi ba. A ganinmu suna da hujja, don haka a zaɓi wadda ta bar filin rubuta ƙarin bayani.

Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar manhajar tana bin ƙa'idar DICOM, wadda aka fitar a 1993 domin na'urorin kamfanoni daban-daban su riƙa musayar hotuna da awo. Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai wurin alhakin tsare sirrin majiyyata. Saboda haka a rubuta cikin yarjejeniya inda za a ajiye sakamakon, da kuma cewa ranar da aka rabu da kamfanin zai miƙa dukkan bayanan ba tare da ƙarin kuɗi ba.