Kurajen Fuska: Man Bilicin Ba Magani Ba Ne

'Yar'uwa, idan zafin Maris zuwa Mayu ya kankama a nan Maiyama, zufa da maiƙon fuska sukan toshe ƙofofin fata, sai kuraje su feso a goshi da haɓa. Kuskurenmu shi ne a aika kasuwar Jega a sayo man haɗi. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin clobetasol ko betamethasone. Kwana biyu fuska ta yi sumul, daga baya kurajen su dawo fiye da da, fata ta yi rauni, ga tabo.

To, ga abin da za ki riƙe:

1. Wanke fuska da sabulu marar ƙarfi sau 2 a rana, safe da dare. A tsakani ruwan alwala ya wadatar. Banda dirza da soso.

2. Yawaita wanke hijabi da ɗankwali da rigar matashi. Kada man kitso ya gangaro goshi.

3. Wanke hoda kafin ki kwanta. Kar ki matsa ƙurji, matsar ce ke barin tabo.

4. Man benzoyl peroxide yana taimakawa, amma sai an yi haƙurin mako 6 zuwa 8.

Mai juna biyu ta guji isotretinoin da doxycycline, suna cutar da ɗan cikin. Idan kuma kurajen sun zo da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, garzaya asibiti a duba ki.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.