Na gaba ya koma baya: ƙa'idar musanya

Baba ya dasa albasa a fangali guda cikin garkarsa ta bakin fadama. Da marece ya aiki ƴaƴansa biyu su ƙirgo masa dashen. Yaya ya tsaya daga gabas, ya ce: «Layi 4 ne, kowane layi gindi 6.» Ƙanwarsa ta tsaya daga kudu, ta ce: «A'a, Yaya, layi 6 ne, kowane layi gindi 4.» Gardama ta kaure. Baba ya zo, ya ce kowa ya faɗi jimlarsa. Yaya ya ce 24. Ƙanwa ma ta ce 24. Baba ya yi dariya, ya ce: «Fangali bai motsa ba. Ku ne kowa ya tsaya wurinsa daban.»

1. Inda musanya take aiki

Mu rubuta abin da yaran suka gani a allo:

4 × 6 = 24
6 × 4 = 24

Na gaba ya koma baya, na baya ya komo gaba, amsa ba ta sake ba. Haka yake a tarawa. Inna ta zuba gero tiya 3 a kwarya, ta ƙara tiya 5. Da ta fara da 5 ta ƙara 3, tiya 8 ɗin ne dai. Wannan ita muke kira ƙa'idar musanya. A darasin faransanci za ku ji ana ce mata commutativité. Wani masanin lissafi na Faransa, François Servois, shi ya fara amfani da kalmar a 1814.

A aljabara, haruffa suke tsayawa a madadin kowace lamba. Sai mu rubuta ƙa'idar a taƙaice:

a + b = b + a
a × b = b × a

2. Amfaninta

Musanya tana rage mana wahala. In an ce ku tara 2 har sau 48, aikin yana da tsawo. Ku juya shi: 48 sau 2, wato 48 + 48 = 96.

Ku dubi jadawalin ninkawa daga 1 zuwa 10. Gidajensa 100 ne. Guda 10 lamba ce aka ninka da kanta, kamar 7 × 7. Sauran 90 tagwaye ne: wanda ya san 7 × 8 ya san 8 × 7. Rabin 90 shi ne 45. Ashe gida 55 kawai za mu hardace.

3. Inda musanya ba ta aiki

Hattara! Ragewa da rabawa ba su yarda da musanya ba. Mai dala 9 ya sayi sabulun dala 4, ya koma gida da dala 5. Mai dala 4 kuwa, in ya ɗauki kayan dala 9, da bashin dala 5 zai koma.

A raba mangwaro 12 ga yara 3: kowa ya samu 4. A raba mangwaro 3 ga yara 12: kowa rubu'in mangwaro zai samu. Ɗalibin da ya musanya lambobi a nan ya ɓata lissafinsa, a kasuwa kuma ya yi hasara.

4. Mu gwada da hannunmu

Kowa ya aje littafinsa bisa tebur, bangon gaba yana sama, kan littafin yana duban allo. Ga aiki biyu:

Aiki na ɗaya: juya littafi a kwance, har kansa ya dubi hannun dama.
Aiki na biyu: kife littafi daga dama zuwa hagu, kamar mai buɗe shafi.

Ku yi na ɗaya, sannan na biyu. Kan littafi ya dubi hagu. Ku mai da shi yadda yake da farko. Yanzu ku fara da na biyu, sannan na ɗaya. Kan littafi ya dubi dama. Ayyukan ba su sake ba, jerinsu ne ya sake, ga shi littafin ya kwanta daban.

5. Binciken masana

Masana sun daɗe suna ɗaukar cewa kowace irin ninkawa tana bin musanya. William Hamilton, mutumin Ayalan, ya yi shekaru yana neman sababbin lambobin da za su yi lissafin abu mai tsawo da faɗi da zurfi, bai dace ba. Ran 16 ga Oktoba 1843 yana tafiya da matarsa a bakin ruwa a birnin Dabilin, sai dabara ta faɗo masa. Nan take ya zana ta a dutsen wata gada. Cikin lambobinsa akwai uku da ya kira i, j da k. A wurinsu i × j yana ba da k, amma j × i yana ba da kishiyar k. Sai da ya saki musanya sannan hanya ta buɗe masa.

Yau da lambobin Hamilton ake lissafa juyin tauraron ɗan Adam a sama, da juyin hotuna masu motsi cikin kwamfuta. Irin juyin da kuka yi wa littafinku ne suke aunawa.

Mu riƙe

Tarawa da ninkawa suna bin musanya. Ragewa da rabawa ba su bin ta. Kafin mu musanya, mu tambayi kanmu: wane aiki muke yi?

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa Yaya da ƙanwarsa suka samu jimla ɗaya?
2. Ku jera tsakuwa 15 layi-layi, ku rubuta ninkawa biyu da kuka gani.
3. Ku cika a kaye: 9 × 6 = 6 × …; 37 + … = 25 + 37.
4. Ku lissafa 50 × 3 ta hanyar da ta fi sauƙi.
5. Sussuka da sheƙa: ana iya musanya su? Ku kawo wasu ayyuka biyu na gida da ba a musanyawa.