Zuwa Wurin Likitan Ƙwaƙwalwa Hauka Ne?

Wani matashi daga Kano ya rubuto mana cewa wata uku ke nan barci ya ƙaurace masa, abinci ma sai ya tilasta wa kansa, amma yana tsoron abokai su ce ya haukace idan suka gan shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Ƙanena, wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai. Abin da ka bayyana na iya zama ciwon damuwa, wanda cuta ce kamar hawan jini, kuma tana jin magani. Ba sai ka fara da Dawanau ba, likitan asibitin unguwarku ma zai duba ka ya tura ka inda ya dace. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a 2023 ta kare sirrinka. Ka riƙe addu'a, ka gaya wa mahaifiyarka, sannan ka je a wannan makon.