Ɗaya Ne ko Jeri? Tambayar Farko Kafin a Haɗa Manhajoji

Aikina haɗa manhajoji ne, wato in sa wannan ta miƙa wa waccan bayanai ba sai wani ya zauna ya sake bugawa da hannu ba. A wannan sana'a, ɓarnar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda ke faruwa shiru: saƙo ya isa, allo ya nuna komai lafiya lau, alhali an zubar da rabin bayanan a hanya. Galibi tushenta ɗaya ne. Wani gurbi a manhajar farko yana ɗaukar jerin abubuwa, takwaransa a ta biyu kuwa abu ɗaya tak yake karɓa.

Mu ɗauki bayanan majiyyaci. A ƙa'idar FHIR, wadda ƙungiyar HL7 ta tsara don musayar bayanan lafiya, ranar haihuwa guda ce, amma hanyoyin tuntuɓa jeri ne. Lambar waya, imel, har tsohon layin da aka daina amfani da shi, duk suna iya zama ciki. To, ga rajistar asibiti mai gurbin waya ɗaya. Mai gaggawa sai ya umarci manhaja ta ɗauki na farko a jerin kawai. Na ga inda hakan ya sa aka riƙa tura saƙon tunin rigakafi zuwa layin da uwa ta yar tuni, ga layinta mai aiki yana nan a matsayi na biyu, yaro kuma ranarsa na wucewa. FHIR kuwa ta tanadi alamar da ke bambanta waya da imel, da mai nuna tsohon layi, da mai nuna wanda aka fifita. Da waɗannan ake tacewa.

Idan aka juya akalar, daga ɗaya zuwa jeri, nan ma akwai tarko. Manhajar da ke jiran jeri sai an ba ta jeri, ko da abu ɗaya ne a ciki. Wasu kayan sauya XML zuwa JSON suna fitar da jeri idan abubuwa biyu ne, su fitar da abu tilo idan ɗaya ne. Sai gwaji ya yi kyau a ofis, ranar da aka ci karo da gida mai ɗa ɗaya aiki ya tsaya cak.

Masu tattara bayanai da KoboToolbox ko ODK su lura: tambayar da ake zaɓar amsoshi da yawa tana fitowa a layi ɗaya, an raba amsoshin da tazara. Jeri ne ya yi shigar abu guda, sai an warware shi. Haka nan duk wanda zai dunƙule adireshi biyu da waƙafi ya tuna cewa adireshin kansa cike yake da waƙafi.

Shawarata ga abokan aiki: a bi gurabe ɗaya bayan ɗaya a rubuta mai ɗaukar ɗaya da mai ɗaukar da yawa. A gwada kowane haɗi da jerin da babu komai ciki, da mai abu ɗaya, da mai abubuwa da dama. In dole sai an bar wani bayani, a adana shi inda za a iya komawa gare shi. Hukuncin abin da za a bari kuma ba na injiniya kaɗai ba ne. A zauna da ma'aikaciyar jinya ko jami'in rajista, domin su suka san lambar da ake kira a samu mutum.