Kalmar "Camouflage" da Sirrin Hawainiya

Ɗalibai kan ci karo da kalmar Ingilishi "camouflage" a darasin ilmin halittu. Ma'anarta ɓad da kama, watau halitta ta saje da muhallinta har idon maƙiyi ya kasa gano ta. Asalinta Faransanci ne. Ta shiga Ingilishi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan sojojin Faransa sun kafa sashen masu zane a 1915 domin ɓoye manyan bindigoginsu.

Sai dai dabbobi sun riga soja wannan dabara. Dubi fara a kan busasshiyar ciyawa a lambunan Nassarawa, nan Kano: in ba ta motsa ba, tsuntsu sai ya wuce ta.

Amma a yi hattara da misalin hawainiya. Korenta na asali shi ke ɓoye ta cikin ganye. Rikiɗarta kuwa galibi saƙo ne ga 'yan'uwanta, ko daidaita zafin jiki. A 2015 masana a Jami'ar Janeba suka nuna cewa ƙananan ƙwayoyi masu kama da lu'ulu'u a fatar hawainiyar Madagaska ke sauya launin.

Saboda haka, in an nemi misalin ɓad da kama a jarrabawa, fara ta fi dacewa.