Mi ake nufi da Madam?

Ƴan uwa masu karatu, kun sha jin kalmar Madam. A lakkwal yara na ce ma mai koya musu Madam. A asibiti ma haka ake kiran unguwar zoma. To, mi ce ce ma'anarta?

Madam kalmar Faransanci ce. Asalinta kalmomi 2 ne, "ma" da "dame", wato uwargijiyata. Suna ne na girmamawa. Mu ma muna da irin namu: Malama da Hajiya. A fadar Tsibiri akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya. Amma Inna da Iya sarauta ce, ana naɗa su. Madam kuwa ba naɗi, ladabi ne kawai.

A takarda ba a cika rubuta ta duka ba. Ga yadda za ku gan ta:

Mme: Madam, mace.
Mlle: Madamazal, budurwa.
M.: Mushe, namiji.

A da, Madam ta matar aure ce. A shekarar 2012 gwamnatin Faransa ta hidda Madamazal daga takardunta. Dalili shi ne, namiji Mushe ne ko da aure ko babu, don mi za a tambayi mace? In ba ku san ko mace na da aure ba, ku ce Madam, ba ku yi laifi ba.

A Nijar ana yawan sa sunan miji bayan Mme, sannan sunan matar. Ga misali: Mme Bayard Mariama Gamatié, haifaffiyar Maraɗi, mace ta farko da ta yi takarar shugaban ƙasa, a 2011. Bayard sunan mijinta ne. Wani lokaci za ku ga "née" kafin suna. Ma'anarta, sunan da aka haife ta da shi.

Ke ƴar uwa, a nan ne za ki kula. Madam ba sunanki ba ne. Aure na iya mutuwa, miji na iya rasuwa, amma sunan da ke takardar haihuwarki na nan. In sunan da aka turo miki kuɗi da shi bai yi daidai da na katinki ba, ana iya hana ki. Ki sha rana daga Jiratawa zuwa Maraɗi, ki koma hannu banza. Saboda haka in za a cika miki takarda, ki ba da sunan da ke katinki. Ki karanta da kanki kafin ki sa hannu.

Tambayoyi
1. Mi ne ne asalin kalmar Madam?
2. Mi ya bambanta Mme da M.?
3. Rubuta sunanka ko sunanki yadda yake a kati.